Tarihin Mai Kofi, Direban Lamba Tara

Haihuwa da asali

An haifi marigayin, wanda ma'aikatan jirgin ƙasa suka fi sani da laƙabin Mai Kofi, a ranar 4 ga watan Maris na shekara ta 1939, a garin da layin dogo ya rabu biyu, ɗaya ya hau tudu, ɗaya ya gangara bakin teku. An haife shi a ɗaki na shida cikin jerin gidajen ma'aikata da ke bayan loko, wato babbar rumfar da ake kwantar da kawunan jirage domin wanki da gyara. Mahaifinsa fayaman ne, mai zuba wa jirgin tururi kwal a kan babban layi, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi da keke a bakin taga. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma namiji na fari.

Aikin mahaifin kwana uku ne a hanya, kwana ɗaya a gida. Yana da wani littafi mai baƙin bango da ya rubuta da hannunsa, wanda ya ƙunshi kowane hawa da gangara, kowace kwana da gada da sigina, tun daga bakin tasha har ƙarshen layi, tsawon kilomita ɗari huɗu da goma sha biyu, domin fayaman da bai san inda hawa yake ba zai iske shi ne wutarsa tana barci. A shafin ƙarshe jimla uku ce kawai: "Kilomita 412. Ƙarfe ya ƙare. Sai ruwa." Ya sha gaya wa ɗansa cewa fasinja wucewar ƙasa kawai yake gani ta gefe, direba ne kaɗai yake ganinta tana tahowa. Ya rasu a shekara ta 1952 sakamakon ciwon ƙirji, littafin ya faɗo hannun marigayin yana da shekara goma sha uku. Tun a lokacin ya ƙudurta cewa ba zai ga wannan hanya ta tagar fasinja ba, sai ta tagar gaba, hannunsa a kan birki. Wannan ƙuduri shi ya tafiyar da sauran rayuwarsa, kuma shi ya fi komai wahalar da shi.

Karatu

Ya shiga makarantar firamare ta 'ya'yan ma'aikata a shekara ta 1946. Malamansa sun shaide shi da ƙoƙari a lissafi da kuma natsuwa, muddin dai jirgi bai yi kuka ba, domin da zarar ya yi, an rasa shi ke nan har ƙarar ta ɓace. A shekara ta 1954 ya samu gurbi a makarantar koyon sana'a, sashen kanikanci, inda ya kammala da shahada mai daraja a shekara ta 1957. An yi masa tayin zama mataimakin malami a makarantar, ya yi godiya, ya ce shi dogo ya nufa.

Fara aiki da zuwan injinan dizal

Hukumar jiragen ƙasa ta ɗauke shi aiki a watan Oktoba na shekara ta 1957 a matsayin mai goge kawunan jirage. Bayan shekara uku aka ɗaga shi zuwa fayaman, amma a sashen shantin. Shantin shi ne aikin jera taragai a cikin yadi, wato filin nan mai layuka da yawa da ke gefen tasha: a raba jirgin da ya iso, a tura kowane tarago layinsa, a harhaɗa wanda zai tashi, sannan babban kan jirgi ya zo ya ja ya tafi. A ƙarshen yadin akwai wani farin allo a kan ƙarfe, ana kiransa allon iyaka, kuma bisa ƙa'ida injin shantin ba ya wuce shi ko da taku ɗaya.

A watan Yuni na shekara ta 1962 hukumar ta kawo injinan shantin guda uku masu aiki da dizal. Irin waɗannan injina sun fara yaɗuwa a wasu ƙasashe tun wajajen shekarun 1930, kuma a wurare da dama a yadi suka fara korar tururi kafin su kai ga babban layi. Dalilin a fili yake. Injin shantin rabin yininsa a tsaye yake yana jira, na tururi kuwa ko a tsaye cin kwal yake yi, yana buƙatar sa'o'i kafin tukunyarsa ta yi zafi, kuma sai da mutum biyu. Na dizal minti kaɗan ya ishe shi ya tashi, in babu aiki a kashe shi. Maƙera sun bi hanya uku wajen isar da ƙarfin inji zuwa ƙafafu: ƙanana da giya irin ta babbar mota, wasu da matsin mai, manya kuma da lantarki.

Wadda aka danƙa wa marigayin bayan horo na wata shida, mai suna Lamba Tara, ta lantarki ce. Injinta mai ƙarfin doki ɗari uku da hamsin yana juya janareta, janareta yana bai wa motocin lantarki biyu wuta, su kuma suna juya ƙafafu ta cikin giyar da ke rage gudu har sau biyu. Ƙafafunta shida ne, an haɗa su da sandunan ƙarfe ta waje domin su juya tare, kada ɗaya ta zame ta bar sauran. Nauyinta tan arba'in da tara ne, kuma da gangan aka yi ta da nauyi domin ta kama dogo. Ɗakin direba yana can baya, a sama, da tagogi ta kowane ɓangare da abin tuƙi hagu da dama, yadda direba zai leƙa ta duk inda mai ba shi hannu yake tsaye. Tana iya tayar da tan dubu daga tsaye, amma iyakar gudunta kilomita talatin ne a sa'a, wanda mai keke in ya yi zuciya zai iya ba ta kunya. Domin ja aka ƙera ta, ba domin tafiya ba, kuma a hannun mutumin da ba shi da buri sai tafiya aka sa ta.

Asalin laƙabinsa

Mafi wuyar shantin shi ne kamu ɗaya na ƙarshe, lokacin da inji zai taɓa tarago alhali mutum yana tsugune a tsakani da ƙugiya a hannu. Galibin direbobi bugawa suke yi, kaya su farfashe, wani lokaci yatsu su tafi. Marigayin ya ɗauki wata ɗabi'a tun makonsa na farko: yakan cika kofin shayi har baki ya ajiye a kan teburin tuƙi, ya ce duk haɗin da ya zubar da ɗigo ɗaya ba haɗi ba ne, karo ne. Da farko dariya aka yi masa, daga baya masu haɗa taragai suka riƙa rigima a kan wanda za a sa a zubinsa. Cikin shekara talatin da ɗaya da ya yi yana tuƙa Lamba Tara, ba a taɓa samun wanda ya rasa ko farce a tsakanin taragan da ya tura ba. Daga nan sunansa na yanka ya ɓace a yadin.

Aure da iyali

A watan Afrilu na shekara ta 1965 ya auri 'yar mai canjin layi na ƙofar yamma, malamar aji uku a makarantar da ya yi. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya shida, ɗaya ya rasu yana jariri. Sun zauna a ɗaki na goma sha ɗaya na jerin gidajen da aka haife shi, daga baya aka ƙara musu na kusa da shi.

Tun watan farko na aurensu ya miƙa mata littafin mahaifinsa ya roƙe ta ta riƙa yi masa tambayoyi, domin jarrabawar babban layi ta haddar hanya ce. Kullum in ya taso aiki da la'asar sai su zauna a kan bencin ƙofar ɗaki, ita da littafi da jan biro na gyaran aikin yara, shi da kofinsa. Sai ta ambaci kilomita, shi kuma ya faɗi abin da ke wurin, da inda za a ƙara wuta da inda za a fara taɓa birki. In ya yi kuskure ba ta ɗaga masa ƙafa, saboda haka ya sa mata suna Sufeto, har 'ya'yanta suka tashi suna kiranta da shi. Takan tsokane shi cewa in hukuma ta gaji da jiransa ita a ba ta jirgin, ta riga shi haddacewa. 'Ya'yan kuwa Yaya suke kiran Lamba Tara, tunda ta girme su duka kuma ita ake fara tambayar lafiyarta da safe.

Hukuma tana bai wa kowane ma'aikaci takardar hawa jirgi kyauta sau ɗaya a shekara, shi da iyalinsa. Bai taɓa karɓar tasa ba. In tafiya ta kama shi dole, mota yake bi.

Shekarun jira, 1966 zuwa 1984

Bisa nizamin wancan zamani, direban shantin da ke son komawa babban layi zai rubuta takardar nema sau ɗaya a shekara, ya miƙa wa shugaban yadi, shi kuma ya sa hannu ya aika babban ofis, matuƙar mai neman bai cika shekara arba'in da biyar ba. Marigayin ya miƙa takardarsa ta farko a watan Janairu na shekara ta 1966. Shugaban yadin mutum ne mai fara'a da ladabi, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma ba ya gajiya da yabon Mai Kofi a gaban baƙi. Duk shekara yakan karɓi takardar hannu biyu, in an tambaye shi ya ce masu jira suna da yawa, amsa ba ta iso ba tukuna.

A tsawon waɗannan shekaru mataimaka shida da marigayin ya koya wa aiki suka koma babban layi. Shi ne yake jera musu taragai, ya ja Lamba Tara gefe, su ɗaga masa hannu suna wucewa, ya bi fitilar tarago na ƙarshe da kallo har ta sha kwanar da ke bayan allon iyaka. Ya san abin da ke bayan wannan kwana sarai, gangara ce ta kilomita biyu sannan ƙaramar gada, amma a takarda ya sani. Kowa a yadin ya fahimci akwai lauje a al'amarin, ban da shi. A shekara ta 1975 matarsa ta matsa masa ya je babban ofis da kansa ya bincika. Ya amsa mata da cewa direba ba ya tsallake jar fitila ko da idonsa na ganin layi babu kowa, jira yake yi har mai ba da hanya ya ba shi. A kan dogo wannan tarbiyya ce da ta tsare rayuka masu yawa. A ofis kuwa ita ta cinye masa shekara goma sha tara.

Ya cika arba'in da biyar a watan Maris na shekara ta 1984, ƙofar ta rufe. Bayan shekara biyu shugaban yadin ya yi ritaya, wanda ya gaje shi yana share aljihun tebur ya ci karo da ambulan goma sha tara ɗaure da zare, ko buɗe su ba a yi ba. Marigayin ya karɓe su, ya tafi gidan tsohon da ƙafa, ya gaishe shi yadda ya saba, sannan ya ajiye su a gabansa.

"Ranka ya daɗe, me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba," in ji tsohon. "Da na aika, a makon za su ɗauke ka. To wa zan bai wa Lamba Tara? Yatsun mutanena fa?"

Ba za a rubuta wannan tarihi a ɓoye cewa an zalunce shi ba, kuma ƙwarewarsa ce aka ɗaure shi da ita. Ya dawo gida ya yi kwana uku bai fita ba, a na huɗu ya cika kofinsa ya koma aiki. Matarsa ba ta sake gaida wancan mutum ba har ya bar duniya. Littafin ya yi shekara guda a ƙasan akwati, sai wata la'asar ya ɗauko ya miƙa mata, ita kuwa ba ta tambaye shi amfanin me zai yi ba, ta buɗe ta ambaci kilomita.

Ritaya da tafiyarsa ɗaya tilo

Ya yi ritaya a shekara ta 1994. Lamba Tara ta ci gaba da aiki a hannun wasu har shekara ta 2003, lokacin da janaretanta ya ƙone aka rasa kayan gyara, aka tura ta ƙarshen wani layi ciyawa ta rufe ƙafafunta. A shekara ta 2006 aka yanke shawarar kai ta ma'aikatar narka ƙarfe da ke bakin teku. Injin shantin da ya mutu ba a jansa haka kawai: sai an cire sandunan ƙafafu, an raba giya da motoci, a tafi da shi a hankali, kuma dole a sa masa ɗan rakiya wanda zai riƙa duba akwatunan gatari, wato inda sandunan da ke riƙe ƙafafu suke juyawa, yana zuba mai a duk tsayawa. Ƙa'ida ta ce ɗan rakiya ba ya barin injin sai an ba shi takardar sallama. Shugaban yadi na lokacin, ɗaya daga cikin mutum shidan nan da marigayin ya koyar, ya rubuta sunan Mai Kofi. Shekararsa sittin da bakwai, yanar ido ta riga ta rufe masa ido ɗaya ta fara cin ɗayan, saboda haka ɗansa na biyu, bakanike, ya bi shi.

Sun tashi da safiyar 14 ga watan Nuwamba. An maƙala Lamba Tara a bayan babban kan jirgi, don haka abin da ke tagar gaba bayan wani inji ne kawai. Duk da haka ya zauna a kujerarsa, ya ajiye kofi a mazauninsa, ya ɗora hannu a kan birkin da ba ya kama komai. Ɗan ya ba da labarin cewa ya buɗe baki zai sanar da shi sun kai allon iyaka, sai ya ga leɓen uban yana motsi, ashe gaɓoɓin dogo yake ƙirgawa, ya riga shi sani. Daga nan har yamma shi yake faɗin abin da ke tafe, ɗan yana leƙawa yana tabbatarwa. Wuri biyu kawai suka saɓa da littafin, wata tasha da aka rufe da wata gada da aka sake ginawa.

A kilomita ɗari biyu da goma sha biyu akwatin gatari na baya ya fara hayaƙi. Aka duba aka ga ba zai kai ba, aka cire Lamba Tara aka tura ta layin gefe na wata ƙaramar tasha a tsakiyar daji. Direban jirgin, wanda ya san labarin kamar kowa, ya sauko ya same shi.

"Baba, taho ka hau gaba. Ga kujera, ni sai in tsaya. Saura ɗari biyu kacal, gobe da hantsi muna bakin ruwa."

Marigayin ya tambaya ko takardar sallama ta iso, aka ce sai an sanar da babban ofis. Ɗan ya ce shi zai zauna da injin, ya roƙe shi har da rantsuwa. Uban ya ce sunansa ne a takarda, ba na ɗansa ba.

"Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa barina a hanya ba," in ji shi. "Ba zan bar ta a daji babu kowa ba. Ku tafi, kada ku ɓata lokacinku."

Ya tsaya dafe da jikinta yana sauraron jirgin har ƙararsa ta ɗauke, hawaye na zuba bai share ba. Sun yi kwana huɗu a wurin. Takardar ta iso tare da masu yankan ƙarfe, domin an ga ya fi sauƙi a yanka ta a nan. Ya sa hannu, ya ɗauki kofinsa, ya nemi a fitar da shi kafin su kunna wuta, suka dawo gida a babbar mota.

Rashin lafiya da rasuwa

Ciwon zuciya ya kwantar da shi a ƙarshen shekara ta 2010. Da hantsin ranar 9 ga watan Fabrairu na shekara ta 2011 ya nemi a ɗauko littafin, matarsa ta zauna a bakin gado, babbar 'yarsu tana riƙe da hannunsa. Ya fara daga bakin tasha, murya ƙasa-ƙasa, yana hutawa yana ci gaba, ba kuskure ko ɗaya. Da ya kai ɗari biyu da goma sha biyu sai ya tsaya.

"Nan aka ajiye ni," ya ce. "Ja mu, Sufeto. Ke kin san hanya."

Ta rufe littafin ta ci gaba da ka, hawa da gangara, kwana da sigina, ba ta tsallake komai ba, har ta kai inda ƙarfe ya ƙare sai ruwa. Da ta ɗago kai ya riga ya cika. Shekararsa saba'in da biyu ba wata ɗaya.

An yi masa sutura aka sallace shi bayan azahar, tsofaffin masu haɗa taragai suka ɗauki makararsa da yatsunsu cikakku, aka binne shi a maƙabartar da ke gefen layi, taku kaɗan kafin allon iyaka. Ya bar matarsa da jikoki goma sha bakwai da 'ya'ya biyar: babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, babban ɗansa, malamin lissafi, na biyu, bakaniken da ya raka shi, ƙanwarsu, wadda ta gaji keken ɗinkin kakarta, da auta, wanda ke aiki a ɗakin sigina yana bai wa jirage hanya. Allah Ya jiƙansa, Ya sauke shi masauki na alheri.

Babbar 'yar, wadda aikinta ya sa ta san irin wannan, ta ce hannunsa ya saki nata tun karatun yana wajen wata babbar gada, saura kilomita ashirin. Mahaifiyarsu ba ta yarda da wannan ba. Har yau duk wanda ya tambaye ta, cewa take yi tare suka isa.